Gyaran tsofaffin cocin Methodist: kurakuran da aka fi yi da yadda za a kauce musu

Ginin Methodist mafi tsufa a duniya shi ne New Room da ke Biristol a Ingila, wanda John Wesley, wanda ya kafa wannan ɗarikar ta Kirista, ya gina a 1739. Majami'arsa ta titin City Road a Landan kuwa a 1778 aka buɗe ta. A Afirka ta Yamma aikin Methodist ya kafu a Cape Coast da ke Ghana tun 1835, sannan ɗan mishan Thomas Birch Freeman ya iso Badagiri ta Legas a 1842. Galibin gine-ginen wancan zamani da dutse ko jan bulo aka yi su, aka haɗa da kwaɓin farar ƙasa (wadda ake kira lime da Turanci) da yashi, aka rufa da katako. Irin wannan bango yana shan ruwa, kuma yana fitar da shi idan iska ta buga. Yawancin ɓarnar da ake gani a yau daga gyaran da ya toshe wannan numfashi take fitowa.

Babban kuskure shi ne siminti. Kwamitin gini ya ga kwaɓin da ke tsakanin bulo yana zubewa, sai a kira birkila ya cike da siminti, ko ya shafe bangon gaba ɗaya. Siminti ya fi tsohon bulo tauri, kuma ba ya barin danshi ya fita. Ruwa ya shiga ta 'yar tsaga, ya rasa mafita, sai ya bi ta cikin bulon, gishirin da ya ɗauko ya riƙa cin fuskarsa har ta zama gari. Maginan ƙasar Hausa sun san wannan sarai: katangar tubali da aka yi wa filastar siminti takan ruɓe daga ciki, wata rana filastar ta ɓanɓaro faifai guda. Maganinsa a koma ga abin da aka yi ginin da shi. A ƙwaƙule tsohon kwaɓin da ƙurfi da guduma, ba da injin yanka ba, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin. A share ƙura, a jiƙa wurin, a cusa sabon kwaɓi: awo ɗaya na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, awo uku na yashi mai kaifi. Sannan a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa har kamar mako guda, domin idan rana ta busar da shi da sauri tsagewa zai yi. A garuruwan bakin teku kada a kuskura a ɗebo yashin gaɓa, gishirinsa zai ci bangon. Idan kuma an riga an shafa simintin, a fara gwada cirewa a ɗan ƙaramin wuri. In yana tahowa da fuskar bulo, a dakata a nemi ƙwararre.

Fenti ma haka. Fentin mai da na roba suna rufe bango ruf, shi ya sa suke kumbura suna saɓulewa daga ƙasa. Farar ƙasa mai ruwa-ruwa, shafi uku zuwa biyar, ana barin kowane shafi ya kwana, ita ce ta dace. Wanke bulo da injin feshin yashi kuwa yana kankare ƙonanniyar fatarsa, kuma ba ta dawowa.

Abin takaici shi ne yadda ake tara kuɗi don tayil da fitilu alhali indararo a toshe yake. Ganye da sheƙar tantabara su cika magudanar rufi, ruwa ya koma yana bin bango, ya jiƙa kan katakon da ke ɗauke da rufin. Katakon da danshinsa ya wuce kashi 20 cikin ɗari ya zama abincin ruɓa da gara. A share magudanai sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, kuma wani ya fita da laima lokacin da ake tsuga ruwa ya zagaya ginin, a lokacin ne yoyo ke nuna kansa. A ƙasa kuma, kada a yi cikon ƙasa ko daɓen kankare har ya manne da bango. Ƙasar waje ta kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ciki, ta gangara nesa da ginin. 'Yan ramukan iska da ke gindin bango ba ado ba ne, su ke busar da katakon daɓe. A sa musu raga saboda ɓeraye, amma kada a toshe.

Bene na cikin majami'a yana buƙatar kulawa ta musamman. Methodist sun gina ɗakunansu don jama'a su ji wa'azi, don haka sau da yawa akwai bene a gefe uku yana fuskantar mumbari, a kan ginshiƙan ƙarfe ko katako. Tsatsa tana kumbura ninki da yawa fiye da ƙarfen da ta ci, har ta fasa dutsen da ke riƙe da shi. A duba gindin kowane ginshiƙi da inda katakon benen ya shiga bango. Kada a ɗora manyan lasifika ko a cika benen da jama'a ranar taro sai injiniya ya duba. Tsaga a bango kuma ba a gaggawar cike ta: a ja layi da fensir a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata, a auna faɗinta kowane wata har shekara ta zagayo. Wadda ta tsaya cik za a iya cikewa, wadda ke ƙara buɗewa tana iya nuna matsala a harsashi.

Sai zubar da kayan ciki. Ana fitar da mumbari da bencina da tagogin katako a kawo na alminiyam da kujerun roba, a ce zamani ne. Tagar da gindinta kawai ya ruɓe, kafinta zai yanke wurin ya haɗa sabon katako iri ɗaya. Abin da dole sai an cire, a ɗauki hotonsa, a sa masa lamba, a ajiye a busasshen wuri. Cocin Methodist ta Birtaniya ta wajabta wa majami'unta binciken ƙwararre duk shekara biyar, da rahoto a rubuce wanda ke jera ayyuka bisa gaggawarsu. Kowace majami'a za ta iya buɗe littafi guda na gini, a riƙa rubuta ranar gyara da kayan da aka sa da awon kwaɓin, a ajiye shi tare da rajistar baftisma nesa da bango mai danshi.