Shawara ga masu komawa DITA: kada ku yi conref kai-tsaye

'Yan uwa masu rubuta littattafan jagorar amfani da na'ura, in kun koma DITA, wato tsarin rubuta littattafan fasaha a ƙananan sassa da za a iya sake amfani da su, wanda ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta OASIS ta amince da shi a 2005, ku kula da wannan tun farko.

Duk gargaɗi ko matakin da ke maimaituwa, ku tara su a fayil guda na ajiya, kowanne da id ɗinsa, wato sunan da ke bambanta shi da sauran. Sannan ku jawo su da conkeyref, wato ta hanyar mabuɗi da ke wakiltar adireshin fayil ɗin, kuna ayyana mabuɗin sau ɗaya a cikin ditamap, fayil ɗin da ke jera shafukan littafin. In kuka yi conref, wato jawo rubutun da adireshin fayil kai-tsaye, ranar da wani ya matsar da fayil ɗin zuwa wata folda, duk shafukan da suka dogara da shi sai su karye. Id kuma, da zarar an fara amfani da shi, kada a sake masa suna.

Ku riƙa jawo cikakkiyar jimla ko sakin layi daga ajiya, ban da guntun jimla. Guntu yana ɓata fassara, musamman a Faransanci ko Jamusanci inda jinsin suna ke sauya kalmomin da ke kewaye da shi.

Sai ku cire "kamar yadda aka faɗa a sama" daga rubutun ajiya, domin a wani littafin babu komai a samansa.