Yadda malami zai shawo kan fashin ɗalibai tun kafin ya ci karatunsu

Abu na farko shi ne malami ya daina duba rajistar kiran suna a dunƙule. Aji yakan yi kamar ya cika kullum, alhali yara huɗu ko biyar ne suke ta fashi babu wanda ya ankara. A ƙarshen kowane wata a ƙirga kwanakin kowane ɗalibi daban. A Amurka, duk yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, wato kwana 18 a shekara mai kwana 180, ana ɗaukarsa yana cikin haɗari, ko da izini ya yi fashin. Kwana biyu ne kacal a wata, shi ya sa iyaye ba su cika lura ba.

Idan an gano yaron, a tambayi dalili kafin a yi maganar horo, domin bulala takan ƙara korarsa. Sau da yawa dalilin yana cikin makarantar kanta. Yarinyar da ta fara al'ada za ta zauna a gida idan babu makewayi mai ƙofa da ruwa, yaron da manyan ɗalibai suke cin zalinsa lokacin tara kuwa ciwon ƙarya zai ƙirƙiro da safe. Malami ya zagaya ya duba da idonsa: ko iska tana shiga ajin, ko na baya suna ganin allo, ko akwai lungun da babu babba mai sa ido. Wani lokacin kuma lafiya ce. Binciken da Michael Kremer da Edward Miguel suka wallafa a 2004 ya nuna cewa ba yara maganin tsutsar ciki a makarantun yammacin Kenya ya rage fashi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu.

Matakin da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne ranar dawowa. Lissafi gini ne, kowane darasi a kan na baya yake zaune, don haka wanda ya rasa makon ninkawa ba zai gane rabawa ba, kunya ta hana shi tambaya, gobe ya sake ƙin zuwa. A ware masa minti goma sha biyar a maimaita abin da ya wuce shi, ko a haɗa shi da ɗalibi mai haƙuri, sannan a ɗora wa malami guda alhakin tuntuɓar iyayensa a ranar da ya sake fashi, ba sai ƙarshen zango ba.