Kurakuran da masu sayar da motoci ke yi wajen ɗaukar yaran shago

Duk wanda ya sayi mota a Abuja ya san abin da yake bari a hannun mai fili: kwafin lasisin tuƙi, takardar NIN, hoton fasfo, lambar waya da adireshin gida, har da bayanan banki idan biya kaɗan-kaɗan za a yi. Wanda waɗannan suka faɗa hannunsa zai iya yin sojan gona da sunan mai su, ya ci bashi a manhajojin rance, ko ya yi wa motar sata rajista da sunan bawan Allah. Kuma ba Alhaji ne ke riƙe takardun ba, yaransa ne. Da ɗan gari akan ci gari.

Babban kuskure shi ne ɗaukar mutum don kawai an ce ɗan wane ne. A kawo yaro da safe, a ce "Alhaji, ga ɗan ƙanwata, yana da hankali," kafin azahar an damƙa masa makullin ofis. Ba na cewa a daina taimakon dangi, alheri ne. Amma sanin gidan su mutum daban, sanin inda ya yi aiki bara da dalilin barinsa daban. Gyaran ba shi da wuya. Ka karɓi NIN ɗinsa mai lamba 11, a tantance ta hanyar hukumar NIMC mai bayar da lambar, ka ga fuska da suna sun dace. Ya kawo takardar shaidar hali daga 'yan sanda, wadda ake nema ta shafinsu na intanet mai suna POSSAP. Sannan ka kira tsohon maigidansa, amma da lambar da kai ka nemo, domin wadda yaron ya ba ka tana iya zama ta abokinsa.

Haka batun mai tsaya masa. Da yawa suna karɓar fom da sa hannu su jefa a durowa. Wanda ba ka taka ka je ƙofar gidansa ba, bai tsaya wa kowa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin raba aiki. Ka leƙa filayen motoci na Kugbo ko na kan titin Kubwa: dillalin da ke jiran la'ada, mai wankin mota, direban gwaji, kowa na iya cewa "Yallaɓai, kawo in ɗauki hoton lasisin," ya ɗauka da wayarsa, hoton ya kwana a WhatsApp ɗinsa. Ko a aiki ƙaramin yaro shagon fotokwafi, kwafin da bai fito da kyau ba a bar shi can cikin kwandon shara, da suna da lamba a jiki. Mutum ɗaya, wanda aka fi bincika, shi ya kamata ya taɓa takardun kwastoma, da wayar shago, a ajiye su a kabad mai makulli. Dillali ya kawo ciniki, ya karɓi la'adarsa, iyakarsa ke nan.

Wasu kuma ba sa rubuta komai. Alhali dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin a kan mai kasuwancin, kuma hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, na iya cin tararsa, ko da yaro ne ya fitar da bayanan. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta sojan gona da bayanan wani. A rubuta wannan a takardar ɗaukar aiki, a karanta wa yaron da Hausa, ya sa hannu gaban shaida.

Ranar sallama ma ana sakaci. Yaro ya tafi da lambobin kwastomomi, gobe ya kira ɗaya da sunan shagon, ya ce a karanto masa lambar da banki ya turo don a kammala takardu. Tun ranar da ya ajiye aiki a karɓi makulli da wayar shago, a sauya kalmar sirri ta kwamfuta da imel, a cire shi daga zauren WhatsApp, a kuma sanar da masu ciniki a hannu cewa ba ya tare da ku.