Idan Yini Ɗaya Kacal Gare Ka a Palermo

Bara aiki ya kai mu Italiya, taron kwana huɗu kan noman rani a tsibirin Sisili, aka bar mana yini ɗaya kafin jirgin dawowa. Abokan tafiyata suka zaɓi barci a otal. Ni kuwa na kutsa cikin Palermo, babban birnin tsibirin, a ƙafa, kuma tun da na dawo Gombe ake ta tambayata yadda na yi. To ga shi.

Fara da takalmi. Ni sabon takalmin Sallah na saka don kada a raina ni, kafin azahar diddigena ya yi bororo. Titunan tsohon garin da duwatsu aka shimfiɗa su, kuma yawon duk na ƙafa ne. Tsohon kambas ɗinka ya fi.

Ka sauka a babbar tashar jirgin ƙasa da hantsi, ka nufi kasuwar Ballarò, tafiyar 'yan mintuna ce. Ihun masu kifi da kayan miya sai ka rantse a tsohuwar kasuwar Gombe kake. Akwai 'yan Afirka da yawa, akwai mahauta Musulmi. A nan za ka karya kumallo, amma da lura. Nemi panelle, ƙosansu ke nan, sai dai falle-falle ne, ana cusa shi cikin burodi. Wani burodin da ake cika shi da saifar saniya, ƙamshinsa ya kusa ja na, ashe a kitsen alade ake soya saifar. Riƙe kalmomi biyu: maiale shi ne alade, strutto kitsensa. Ka nuna abinci ka faɗe su, za a gane ka. Ko curin shinkafarsu, arancina, sai ka tambayi abin da ke ciki.

Daga nan sai Fadar Normawa, wato Turawan Kiristocin da suka mulki tsibirin bayan Musulmi. Kada ka ɓata lokaci a sauran ɗakuna, wuce kai tsaye Cappella Palatina, ƙaramar majami'ar da Sarki Roja na Biyu ya gina, aka buɗe ta a 1140. Kowa bangon zinare yake kallo. Kai ɗaga kai sama. Rufin katakon nan mai kama da saƙar zuma aikin Musulmi ne, har da rubutun Larabci a jikinsa. Na tsaya har wuyana ya ƙage. A fadar wannan sarkin ne kuma Idrisi, wani masani Musulmi, ya kammala taswirar duniyarsa a 1154, wadda kudu ke sama, wato Afirka a bisa Turai. Mata su rufe kafaɗa, maza ban da gajeren wando, mu dai wannan ba matsalarmu ba ce.

Me ya kawo Larabci nan? A 827 rundunar Musulmi ta taso daga Tunisiya ta yau ƙarƙashin Asad bin Furat, alƙalin Kairawan, wanda ya yi karatu wurin Imamu Malik da kansa. Shi bai ga Palermo ba, ya rasu a 828, garin ya faɗo hannunsu a 831. Sun riƙe shi har 1072 da Normawa suka karɓe. Sabbin sarakunan ba su kori magina da malamai ba, sai suka ɗauke su aiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana babbar majami'ar garin, ƙasa kaɗan da fadar. Wurin ya taɓa zama babban masallacin Juma'a kafin a yi ginin yanzu a 1185. Kafin ka shiga, tsaya a rumfar ƙofa, duba ginshiƙin farko ta hannun hagu. An sassaƙa ayar Alƙur'ani a jikinsa, daga Suratul A'araf. Jama'a na ta wucewa ba wanda ya waiwaya. Ni na tsaya ina bin haruffan da yatsa a iska kamar ɗan makarantar allo, wata dattijuwa ta zaci addu'a nake, ta matsa mini.

Sauran kuma gangara ce. Bi titin Cassaro, sunan daga ƙasr na Larabci ne, har mararrabar Quattro Canti, ɗauki hoto ka wuce. Akwai masallaci a tsohon garin, ba nisa da wannan titin, tambayi mahautan Ballarò tun da safe su kwatanta maka. Shaguna da yawa kan rufe bayan ƙarfe ɗaya sai yamma, don haka tsarabar yara ka bari sai la'asar.

Filin jirgi yana wajen gari, tafiyar kusan awa guda a bas ko jirgin ƙasa. Idan tikitin takarda ka saya, buga shi a ƙaramin injin da ke bakin dandamali kafin ka hau, in ba haka ba tara ce. Ni sai da ɗan Gana ɗin da ke bayana ya taɓo ni ya nuna mini injin.