Babi na Shida: Zaunar da Ƙarfen Bindigar Farauta a Cikin Ƙota

'Yan uwa ɗalibai, wannan babi na maharbin da yake da lasisi ne, domin Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba da lasisi ba, gyaranta ma sai da izinin hukuma. Kafin ku taɓa komai, ku cire harsashi, ku leƙa ciki da idonku, sannan ku kai harsasan wani ɗaki dabam.

Darasi na ɗaya: Abin da ke ɓata saiti

Ƙota ita ce katakon da ƙarfen bindiga yake kwance a cikinsa. A nan Kano katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, kamar yadda ƙyauren ɗaki yake cijewa a watan Agusta amma ya yi sako-sako a Janairu. Idan ƙarfen ya sami wurin motsi, ko da na kaurin gashi ne, kowane harbi yana gusar da shi, sai ka ga harsashi ya bi dama yau, gobe ya bi hagu, alhali hannunka bai sauya ba. Maganinsa shi ne a yi wa ƙarfen shimfiɗar gam wadda za ta ɗauki siffarsa daidai.

Darasi na biyu: Man hana mannewa

Ku tanadi gam mai kwalba biyu irin Araldite, wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, kuma ku nemi mai jinkirin bushewa, domin na minti 5 zai daskare kafin ku gama gyara zama. Ku haɗa da samfefa, da salatif, da kakin zuma, da man goge takalmi marar launi.

Ku kwance kusoshi, ku raba ƙarfe da ƙota, ku cire kunama ku ajiye. Ku kankare katako kamar milimita 2 a wurin da ƙarfen yake zama, musamman bayan ɗan haƙorin ƙarfen nan da yake tare bugun baya. Ku toshe kowane rami na jikin ƙarfe da kaki, ku naɗa salatif a gaban haƙorin da gefensa da ƙarƙashinsa, amma ku bar bayansa a buɗe.

Yanzu ku natsu. Ku shafa man takalmi a jikin ƙarfen gaba ɗaya, ku bari ya sha iska, ku goge a hankali, sannan ku sake shafawa. A ƙarfe ake shafawa, ba a katako ba, domin so muke gam ya kama katako ya saki ƙarfe. Ku shafa a kusoshi, har cikin zarensu, ku shafa a kan salatif ɗin ma. Wanda ya yi shakka ko ya shafa wani lungu, to ya ɗauka bai shafa ba, ya sake. Ba abin kunya ba ne a shafa sau uku, kuma kada wanda hannunsa bai saba ba ya karaya, da sannu za a iya.

Na nanata haka ne saboda abin da na gani a ajin bara. Wani dattijo ya shafe ko'ina tsaf, ya manta da kusa guda ɗaya, washegari ya zo da bindigar a naɗe cikin buhu, kan kusar duk ya cinye saboda murɗa da ƙarfi. Na ce, "Baba, ka shafa wa kusar mai?" Sai ya sunkuyar da kai. Wallahi abin yana ba ni takaici, a faɗa sau biyar a aji, a rubuta a allo, amma a wayi gari wani ya ce ai ya zaci ba dole ba ne. Wanda yake gaggawa ya rufe littafin nan ya kai wa mai gyara. Ku shafa mai, ku shafa a kusoshi.

Darasi na uku: Zuba gam

Ku gauraya gam ɗin yadda aka rubuta a kwalinsa, ku shimfiɗa a inda kuka kankare, ku kwantar da ƙarfen a hankali, ku ɗaura kusoshi ba tare da matsewa sosai ba. Ku goge wanda ya tsattsafo tun yana ɗanye. A bar shi awa 24. Ina fata dai an shafa mai.

Darasi na huɗu: Gyaran kuskure

Idan ƙarfe ya ƙi fita, a sa bindigar a firiza ta kwana, domin sanyi yana tsuke ƙarfe, sannan a bubbuga da gudumar katako. Idan an ga 'yan ramuka a shimfiɗar, a karce su, a cike da sabon gam, a sake shafa mai. Idan takardar naira ta ƙi wucewa tsakanin bututun bindiga da ƙota, alamar suna taɓa juna ke nan, a goge katakon wurin da samfefa.

Darasi na biyar: Gwaji

Bayan kwana uku, a je bayan gari inda akwai tudu a bayan abin bara, a yi harbi biyar daga taku 50, a duba ko sun taru wuri ɗaya.