Atamfa, shadda, leshi da saƙi: yadda nake ɗinka kowanne

Kawuna da ya koya mini ɗinki a Fagge ba ya barin yaro ya ɗauki almakashi sai ya faɗi sunan yadin da ke kan tebur da yadda aka yi shi. A lokacin na ɗauka tsanani ne. Sai da na ɓata shaddar wani bawan Allah ana saura kwana uku Sallah na gane nufinsa. Na yi kuskure a kafaɗa, na farke ɗinkin zan gyara, sai ga layin hujin allura ya fito reras, ba guga ba ruwa da ya iya ɓatar da shi. Kawu ne ya biya kuɗin yadin, ni kuwa ban sake mantawa ba.

Bari in fara da shaddar. Auduga ce, kuma zanen da kake gani a jikinta saƙa shi aka yi, ba buga shi aka yi ba. Irin wannan saƙa Turawa sun sa mata sunan birnin Dimashƙa na ƙasar Sham, inda fatake suke sayenta a da. Injin da ya sauƙaƙa ta wani Bafaranshe ne mai suna Jacquard ya fito da shi a birnin Lyon a 1804. Wadda muke kira gezna kuma daga kamfanin Getzner take, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, kamfanin da aka kafa tun 1818. Bayan an saƙa ta ana matse ta cikin injina har fuskarta ta yi santsi da sheƙi, kamar yadda mabuga suke yi da bugu a Ƙofar Mata. Wannan matsewar ce take sa huji ba ya rufewa.

Saboda haka ka auna sau biyu, ka yi wa shadda ɗinki ɗaya tak. Sa sabuwar allura mai lamba 14, domin dakusasshiya tana jan zare ta bar tabo. Ƙara tsawon takun keke kaɗan, in ya yi ƙanana ɗinkin zai tattare. Kada ka soka fil a tsakiyar yadi, sai a gefen da zai shige cikin ɗinki. Shadda fuska biyu gare ta, inda ya yi sheƙi a gaba ya dushe a baya, don haka kafin ka yanka ka bi kowane yanki ka sa masa alamar alli ta baya. Na sha ganin kaftani mai tsada da hannu ɗaya a juye, sai an fita rana ake ganewa. Guga kuma ta baya, kada ka yayyafa ruwa, ɗigon yana barin shaida. In za a yi aiki a wuya, a manna gam ta ciki tukuna.

Atamfa tafiyarta ta fi nisa. Asalinta rinin kakin zuma ne na mutanen tsibirin Jaba a Indunusiya: su zana kaki a jikin yadi, su tsoma a rini, inda kaki ya rufe launi ba ya shiga. 'Yan Holan da suka mulki ƙasar suka nemi yin irinsa da inji a ƙarni na 19. Kakin yakan tsattsage launi ya kutsa, mutanen Jaba suka ga aibi ne, mutanen Afirka ta Yamma kuwa suka so shi. Kamfanin Vlisco na garin Helmond, wanda ya faro a 1846, shi ne tushen sunan holandis. Mu ma mun yi namu, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, kuma iyayenmu mata sun ɗaura atamfar gida da alfahari. Ina jin zafin rufewar waɗannan masaƙu duk ranar da na shiga Kantin Kwari na ga daga inda kaya suke zuwa yanzu.

Da yake tsoma ta ake yi, atamfa ta gaske gabanta da bayanta kusan ɗaya ne. In ka juya ka ga bayan ya yi fari-fari, bugawa aka yi a fuska ɗaya, to ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a gefe ka ga ko tana zuba kafin ka haɗa ta da farin shafi. Takardar da ke manne kada ka fizge ta, ɗora dutsen guga ta baya gam ɗin ya yi laushi, sai ta ɗago da kanta.

Abin da masu koyo suka fi kuskurewa shi ne zane. An tsara atamfa ne don ɗaurin zani, shi ya sa sau da yawa fure ko tsuntsu yake tsayuwa daidai idan gefen yadin yana sama da ƙasa. Shimfiɗa yadi shidan duka, ka ja da baya ka duba ina kan zanen yake kallo. Babban fure ya zauna a tsakiyar gaba, kuma in akwai zif a baya, rabin furen hagu ya haɗu da na dama. Wannan yana cin yadi, don haka ka cire ɗankwali tun farko, ka kuma gaya wa mai kaya gaskiya in ɗinkin da take so ba zai fita ba. Ka bar sarari a cikin ɗinki, auduga tana ɗan shiga bayan wankin farko.

Leshin da matanmu suke sawa aikin zare ne da inji yake yi a kan boyel ko raga. Cibiyarsa garin St. Gallen na Suwizalan da Lustenau na Ostiriya, waɗanda suka kama kasuwar Najeriya tun shekarun 1960. Bakinsa mai lanƙwasa an riga an gama shi, to shi ne ƙasan siket da bakin hannu, ba a yi masa kalmasa. Duwatsun da suka faɗo a layin ɗinki ka cire su tukuna, in ba haka ba allura za ta karye ta yi tsalle zuwa fuskarka. Boyel allura mai lamba 11 yake so. In raga tana shigewa ramin keke, shimfiɗa takarda a ƙasa ka ɗinka tare, daga baya ka yage ta. Guga ta baya a kan tawul, da wuta kaɗan, domin na yanzu da yawa akwai roba a zarensu.

Karan-miski magana ɗaya ce: shafa shi da hannu ka ji inda gashin ya kwanta, duk yankunan su kalli wuri ɗaya.

Na bar saƙi a ƙarshe don shi ne namu. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Tambutu, da Gat da Tarabulus na ƙasar Libiya ta yau. Masaƙi yana saƙa shi ne siriri-siriri, faɗin 'yan yatsu, sannan a jera a haɗa baki da baki. Duba babbar riga da kyau za ka ga gininta daga nan ya fito: dogayen layuka miƙaƙƙu, babu lanƙwasa, babu abin zubarwa, domin wanda ya san wahalar kaɗi da saƙa ba ya yarda a yar da ko taƙi ɗaya.

In aka kawo maka saƙi, ka bi wannan tsarin. Zaɓi ɗinkin da zai bi layukan, kada ka tilasta masa yankan kwat. Bakin kowane layi a gama yake, ba ya zarewa, don haka ka haɗa su gab da baki, ko da hannu ko da keke. Inda dole sai an yanka a gicciye, ka fara bin wurin da ɗinki layi biyu, sannan ka yanka a tsakaninsu, in ba haka ba zaren zai warware a hannunka kafin ka kai keke. Allura mai lamba 16 ta fi dacewa da mai kauri. Wuya da bakin aljihu a sa musu shafi, nan ne nauyin riga yake ja. Mai rinin baba kuma yana shafar hannu da duk abin da ya taɓa, saboda haka ka goge keken tas, ka canza zaren ƙasa, kafin ka ɗora farar shadda a bayansa.