Yadda za ka bi sawun kuɗin ƙaramar hukumarku

Fara da sanin nawa ke shigowa. Duk wata kwamitin rabon arziƙin ƙasa, FAAC, na raba kuɗi ga ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma tana wallafa alƙaluman a intanet. Nemo sunan ƙaramar hukumarku, ka rubuta adadin a littafi. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, don haka shugaban ƙaramar hukuma ne zai amsa tambaya.

Daga nan ka rubuta takarda zuwa sakatariya kana neman kwafin kasafin kuɗin bana. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba su kwana 7 su amsa. Ka tabbata an buga hatimi a kwafin takardar neman da za ka riƙe.

Aikin da na fi ba muhimmanci shi ne zagaye da ƙafa. Ku haɗu ku biyar, har da mata, domin su suka san asibitin unguwa ciki da waje: akwai magani, ungozoma na kwana? Ku duba rijiyar burtsatse, ku ƙirga azuzuwan da rufinsu ya yaye, ku ɗauki hoto da kwanan wata.

Sai ku gayyaci kansila ƙofar mai unguwa, ku karanta masa abin da kuka gano a gaban jama'a, ku sa ranar dawowa.